Me ya sa Amurkawa ke cike da fushi da kamfanonin inshorar lafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Lokacin da aka harbe shugaban wani kamfanin inshorar lafiya a New York, na ga maimakon jaje sai mutane suka yi ta tsine wa kamfanonin. Ni na ɗauka duk mai inshora a Amurka ya huta da zancen kuɗin asibiti. Ta yaya kamfani zai karɓi kuɗin mutum kowane wata, ranar ciwo kuma ya ce ba zai biya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wannan aikin nake ci. Ina sashen kuɗi na wani asibiti a Amurka, a teburin da takardun da kamfanonin inshora suka ƙi biya suke taruwa, mu kuma mu bi bayansu.

Ranar 4 ga Disamba, 2024, da sassafe aka harbe Brian Thompson, shugaban UnitedHealthcare, kamfanin inshorar lafiya mafi girma a ƙasar, a ƙofar wani otal a Manhattan, yana shirin shiga taron masu zuba jari. Bayan kwana biyar aka kama Luigi Mangione, ɗan shekara 26, a garin Altoona na jihar Pennsylvania, kuma ya musanta tuhumar. A jikin kwanson harsasan an sami kalmomin da aka rubuta da hannu, ciki har da masu nufin "hana" da "jinkirta". Ni ba na cikin masu murna. Rai aka ɗauka ba da hakki ba, an mayar da yara biyu marayu, kuma babu irin zaluncin kamfani da zai halatta wannan. Amma idan muka tsaya a nan ba a amsa maka tambayarka ba, domin fushin da ka gani ya girmi wannan rana da shekaru masu yawa. Sanarwar ta'aziyyar da kamfanin ya sa a Facebook, dubun-dubatar mutane suka danna mata alamar dariya. Cibiyar binciken ra'ayi ta NORC ta tambayi jama'a a watan, kusan takwas cikin goma suka ɗora alhakin kisan a kan wanda ya yi shi, amma kusan bakwai cikin goma suka ce ƙin biyan da kamfanonin ke yi shi ma yana da nasa kason.

Sai ka fara sanin yadda aka gina abin. Amurka ba ta da tsari ɗaya da ya game kowa. Wanda ya kai shekara 65 yana da Medicare na gwamnati, masu ƙaramin ƙarfi suna da Medicaid, yawancin sauran jama'a kuma, sama da mutum miliyan 150, ta wurin aikinsu suke samun inshora. Wannan ya samo asali ne tun yaƙin duniya na biyu, lokacin da gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai kamfanoni suka koma jan ma'aikata da alkawarin kula da lafiyarsu, dokar haraji ta 1954 kuma ta tabbatar da cewa ba a cire haraji a wannan kuɗin. Abin da hakan ya haifar shi ne ma'aikaci ba shi ke zaɓen kamfanin inshorarsa ba, wurin aikinsa ke zaɓa masa. Ko ya ji haushin kamfanin ba inda zai je, sai dai ya bar aikin. A 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali guda ta wurin aiki ya kai dala 25,572 a shekara, ana cire sama da dala 6,000 daga albashin ma'aikacin, wurin aiki ya cika sauran. Duk da haka ba a gama ba: akwai wani adadi, yawanci kusan dala 1,800 ga mutum guda, da dole ka fara biya daga aljihunka kowace shekara kafin kamfanin ya fara sa hannu sosai. Ka ɗauka adashi ne kake zubi shekara goma ba fashi, ranar kwasarka uwar adashi ta ce ita a ganinta buƙatar taka ba ta kai a ba ka ba. Abin da magidanci ke ji ke nan idan wasiƙar ƙin biya ta iso.

Ƙin biyan iri biyu ne. Na farko bayan an riga an yi magani. Asibiti yakan tura wa kamfanin takardar neman biya, kuma a cikinta ba a rubuta labarin ciwo, lambobi ake sawa: lambar cuta, wadda ake zaɓa cikin kusan 70,000, da lambar aikin da likita ya yi. Idan lambobin biyu ba su dace da juna ba a tsarin kwamfutar kamfanin, ko an yi kuskure a ranar haihuwa, ko an makara wajen turawa, ko likitan ba ya cikin waɗanda kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su, takarda ta dawo. Mafi yawan abin da ke zuwa teburina irin wannan ne, kuma da yawa mukan gyara ba tare da majinyacin ya sani ba. Amma wanda ba a gyara ba, kansa yake faɗawa: wata biyu bayan an sallame shi sai ga takardar bashin dala dubbai a akwatin wasiƙunsa.

Na biyu shi ya fi ciwo, wato neman izini kafin a yi magani. Likita ya duba ka, ya ce sai an yi hoton MRI, ko tiyata, ko wani magani mai tsada, amma ba zai iya yi ba sai kamfanin ya amince. Kamfanin yana iya cewa a nasa ma'aunin wannan bai zama dole ba. Yana iya cewa a fara gwada magani mai araha tukuna, sai an ga bai yi aiki ba sannan a zo ga wanda likita ya rubuta, ko da likitan ya san ba zai yi ba. Ƙungiyar likitocin Amurka, AMA, takan tambayi mambobinta kowace shekara, kuma abin da suke faɗa shi ne kowane likita yana tura kusan irin wannan buƙata 40 a mako, shi da ma'aikatansa suna kashe kusan awa 12 zuwa 13 a kai. Idan an ƙi, likita na da damar neman magana ta waya da likitan kamfanin. Na sha zama a gefen likitan cutar kansa, mutumin da ya yi shekaru yana wannan fanni, ya bar ɗaki cike da marasa lafiya, ya riƙe waya yana jira a haɗa shi, sannan ya shiga yi wa wani likitan da ba fanninsa ba ne, bai kuma taɓa ganin majinyacin ba, bayanin abin da ya sa ƙarin da ke hantar mutumin ba zai jira mako uku ba. Sau da yawa a ƙarshen wayar sai a amince. Amma kwanakin da suka wuce ana wannan kai-kawo, cutar ba ta tsaya tana jira ba.

Ga irin wanda muke gani kullum. Dattijuwa ta faɗi ta karye a ƙugu, an yi mata aiki, an kai ta gidan jinya inda ake koya mata tafiya. Tana tsaka da samun sauƙi, ta fara takawa da ƙarfen dogarawa daga gado zuwa ƙofa, sai a miƙo mata takarda cewa jibi inshora za ta daina biya. Masu gasa mata ƙashi sun rubuta cewa ba ta iya hawa matakala ba, ga shi ita kaɗai take zaune a gidan bene. 'Yarta, wadda ta taso daga wurin aiki da kayan aikinta a jiki, za ta tsaya a ƙofar ofishinmu da takardar a hannu tana tambaya, wa ya yanke wannan, ya taɓa ganin mahaifiyata? Abin da ya rage musu biyu ne: su biya ɗaruruwan daloli kowace rana daga aljihu, ko su ɗauke ta su tafi gida su yi ta addu'a kar ta sake faɗuwa.

Yanzu ga alkaluma, don kar ka ce labarin ofis ɗaya ne. Cibiyar KFF, wadda ke bin harkar lafiya a ƙasar, ta duba inshorar da mutane ke saye da kansu ta shafin gwamnati na HealthCare.gov, ta ga a 2023 an ƙi biyan kashi 19 cikin 100 na takardun da suka fito daga asibitocin da ke cikin yarjejeniya da kamfanonin. Waɗanda suka nemi a sake dubawa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. A ɓangaren Medicare Advantage, wato Medicare ɗin da gwamnati ke biyan kamfanoni masu zaman kansu su gudanar, an nemi izini kusan sau miliyan 50 a 2023, an ƙi sama da miliyan 3. Kashi 12 cikin 100 ne kawai, ko ƙasa da haka kaɗan, suka ɗaukaka ƙara. Cikin waɗanda suka ɗaukaka, sama da takwas cikin goma sun yi nasara.

Ka tsaya a kan waɗannan biyun na ƙarshe, Malam, domin a ganina nan ne zuciyar lamarin. Idan mutum ya ce maka a'a, ka matsa masa, sau takwas cikin goma ya koma ya ce to, wace irin a'a ce ta farko? Gaskiya ne wasu an juya hukuncin ne saboda likita ya ƙara takardar da ta ɓace da farko, kuma masu ɗaukaka ƙara galibi su ne masu hujja mai ƙarfi. Amma ko da ka cire wannan, sauran mutum tara cikin goma da suka yi shiru ba duka ne marasa hujja ba. Marasa lafiya ne. Mutumin da ake yi wa ƙarin ruwan maganin cutar kansa, yana amai, ba shi da ƙarfin zama awa biyu a waya. Tsoho bai fahimci wasiƙar ba. Wani bai ma san yana da wannan dama ba. Kamfanin kuwa ya san adadin masu haƙura, yana cikin lissafinsa. Ba sai wani ya zauna da mugun nufi a kan majinyaci ɗaya ba, tsarin da kansa yana cin riba daga gajiyar mutane. Ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta tarayya ya ɗauki samfurin waɗannan takardu, ya fitar da rahoto a 2022 cewa kashi 13 cikin 100 na izinin da aka hana a Medicare Advantage sun cika duk ƙa'idojin Medicare, ma'ana da gwamnati ce ke biya kai tsaye da an yi maganin.

Sai kuma kwamfuta ta shigo, ta ƙara wa wutar fetur. A 2023 gidan jaridar bincike na ProPublica ya ruwaito cewa a kamfanin Cigna akwai tsarin da likitocin kamfanin suka sa hannu a kan ƙin biyan takardu sama da 300,000 cikin wata biyu, matsakaicin lokacin kowace takarda daƙiƙa 1.2. Cigna ya ce an yi wa tsarin gurguwar fahimta, kuma ƙananan gwaje-gwaje ne masu araha da aka riga aka yi. A shekarar kuma iyalan wasu tsofaffi da suka rasu suka kai UnitedHealth kotu a Minnesota, suna zargin yana amfani da wata manhaja mai suna nH Predict wajen ƙayyade kwanakin jinyar tsofaffi a kan ra'ayin likitocinsu. Kamfanin ya ce manhajar jagora ce kawai, ba ita ke yanke hukunci ba. Wani kwamitin bincike na majalisar dattawa ya fitar da rahoto a Oktoban 2024, wata biyu kafin harbin, ya nuna cewa adadin izinin jinyar bayan asibiti da UnitedHealthcare ke hanawa ya tashi daga kashi 10.9 a 2020 zuwa kashi 22.7 a 2022. Uwar kamfanin, UnitedHealth Group, ta yi cinikin sama da dala biliyan 370 a 2023, ribarta ta haura dala biliyan 22. Mutane suna ganin waɗannan lambobin biyu a shafin jarida ɗaya, su haɗa su da kansu.

Za ka ce me ya hana a kai su kotu? Akwai wata dokar tarayya ta 1974 mai suna ERISA, wadda aka yi don kare kuɗin fanshon ma'aikata, amma ta shafi inshorar lafiyar wurin aiki. A ƙarƙashinta, idan kamfani ya hana ka magani bisa kuskure har ka nakasa ko ka mutu, abin da za a iya karɓa a kotu galibi kuɗin maganin ne da aka hana, babu diyyar rai ko ta wahala. Kotun ƙoli ta tabbatar da haka a 2004 a shari'ar kamfanin inshora na Aetna da wani majinyaci mai suna Davila, alƙalai tara baki ɗaya. A 2007 a California, likitoci sun nemi a yi wa wata yarinya 'yar shekara 17 mai cutar kansar jini dashen hanta, Cigna ya ce aikin na gwaji ne. Ma'aikatan jinya da 'yan uwa suka yi zanga-zanga a ƙofar ofishinsa, ya janye ya amince, yarinyar ta rasu bayan 'yan awoyi. Ko dashen zai cece ta, likitoci sun yi saɓani a kai. Amma da iyayen suka kai ƙarar kisa, kotu ta kore ta saboda wannan doka. Likita idan ya yi sakaci ana iya cin shi tarar miliyoyi. Wanda ya hana likitan aiki kuwa, mafi munin abin da zai same shi shi ne ya biya abin da tun farko ya kamata ya biya. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai a duk harkar, kuma shi ne mafi ƙarancin wanda ake magana a kai.

Adalci ya sa in faɗi nasu ɓangaren. Ba kowane ƙin biya ne zalunci ba. Akwai asibitocin da ke kumbura takarda, akwai likitocin da ke rubuta gwajin da ba a buƙata, akwai 'yan damfara na gaske. Magani a Amurka ya fi na ko'ina tsada: a 2023 ƙasar ta kashe kusan dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, kashi 17.6 cikin 100 na duk tattalin arzikinta, kuma mafi yawan kuɗin wurin asibitoci da likitoci da kamfanonin magunguna suke tafiya. Dokar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ta wajabta wa kamfanonin inshora kashe kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na kuɗin da suka karɓa a kan jinya, ta kuma hana su korar mutum don yana da tsohuwar cuta. Idan aka ce su biya komai ba tambaya, kuɗin wata-wata zai tashi, kowa ya ji a jikinsa. Ko Ingila da gwamnati ke riƙe da lafiya, akwai magungunan da hukuma ke cewa ba za ta saya ba. Sai dai can hukuma ce ke yanke wa kowa da kowa a fili, ta bayyana dalilinta. Nan kuwa wanda ke cewa a'a shi ne kuɗin zai zauna a hannunsa idan ya faɗi haka, ma'auninsa kuma ba kowa ke gani ba.

An ɗan motsa bayan haka. Washegarin harbin, kamfanin inshora na Anthem Blue Cross Blue Shield ya janye wani shiri da ya sanar na ƙayyade tsawon lokacin da zai biya kuɗin allurar barci a tiyata a jihohin New York, Connecticut da Missouri. California ta fara aiki da doka a Janairun 2025 cewa likita ne kaɗai zai iya yanke cewa magani bai zama dole ba, manhaja ba za ta yanke ba. Texas tun 2021 take da dokar da ke ɗauke wa likita neman izini idan ana amincewa da kashi 90 cikin 100 na buƙatunsa. Gwamnatin tarayya ta sa ƙa'ida cewa daga 2026 kamfanonin Medicare Advantage da na Medicaid su ba da amsa cikin awa 72 idan gaggawa ce, kwana bakwai idan ba gaggawa ba, su kuma faɗi dalili. A Yunin 2025 manyan kamfanonin suka yi wa gwamnati alkawarin rage yawan abubuwan da ke buƙatar izini. Alkawari ne na ganin dama, babu hukunci ga wanda ya saɓa, kuma sun taɓa yin makamancinsa a 2018. ERISA kuma tana nan yadda take.

Kai da ke gida wannan ba baƙon abu ba ne gaba ɗaya. Duk ma'aikacin da ke ƙarƙashin inshorar lafiya ta Najeriya ya san zaman jiran lambar amincewa daga HMO, wato kamfanin da ke gudanar da inshorar, kafin babban asibiti ya taɓa shi, ya kuma san "wannan maganin ba ya cikin tsari, je ka saya a waje". Tsarin HMO ɗin ma daga Amurka aka kwaso shi. Tun da dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, wannan rigima za ta ƙaru ne yayin da masu shiga ke ƙaruwa. Bambancin dai har yanzu yawancin mutanenmu daga aljihu suke biya, matsalarsu rashin inshorar ce tukuna.

Idan kana da ɗan'uwa a Amurka da wasiƙar ƙin biya ta same shi, ka ce masa kar ya biya nan take, kar kuma ya jefar da ita. Ya karanta dalilin da aka rubuta, ya kira sashen kuɗi na asibitin ya tambaya ko kuskuren lamba ne, don in shi ne mu za mu gyara. In ba shi ba ne, a yawancin tsare-tsare yana da kwana 180 ya nemi kamfanin ya sake dubawa a rubuce, tare da wasiƙar likitansa. Yana da hakkin a ba shi kwafin fayil ɗinsa da ma'aunin da aka yi amfani da shi, kyauta. Duk wayar da ya yi, ya rubuta rana da sunan wanda ya amsa da lambar kiran. Idan jinkiri zai cutar da shi, likita ya nemi dubawar gaggawa, wadda ba ta wuce awa 72. Idan sun sake ƙi a kan cewa maganin bai zama dole ba, yana da wata huɗu ya kai wa masu dubawa na waje, likitocin da ba kamfanin ke riƙe da su ba, kuma abin da suka yanke dole kamfanin ya bi. Idan ta wurin aiki yake da inshorar, ya sanar da ofishin kula da ma'aikata, domin a manyan kamfanoni da yawa kuɗin jinyar na wurin aikin ne, kamfanin inshora gudanarwa kawai yake yi, kuma waya ɗaya daga mai kuɗin takan warware abin da wasiƙa uku ba su warware ba. In shi ba zai iya ba saboda jiki, ya sa hannu a takardar wakilci, matarsa ko ɗansa ko wani daga cikin jama'ar masallaci ya bi masa.